Bakin Turke, Garin da Babu Inuwa

Salaga zuwa Yendi

Ladan bai yi kiran farko ba na fita, na bar Mma, mahaifiyarmu, tana lazimi a kan buzunta. Ƙanena Sulemana ne ya jawo mini wannan tafiya. Ya koma Bakin Turke, wani sabon gari a kan iyaka gaba da Bawku, yanzu kuma ya dage sai Mma ta koma wurinsa. A waya ba abin da babu a garin nan. Ni kuwa na san bakin Sulemana tun yana rarrafe, don haka na ce tsohuwa ba ta zuwa ko'ina sai na gani da idona.

Motar Bimbila doya ta fi mutane yawa a cikinta, ƙafata a kan buhu har muka sauka. Na canja mota, muka isa Yendi da azahar. Na kwana wurin ƙawar Mma, Hajiya Memuna, ta cika ni da tuwon zafi da miyar ayoyo. Da na ambaci garin sai ta taɓe baki.

"Kowa yana faɗin shi, 'yata. Amma ban ga wanda ya kai uwarshi can ba."

Yendi zuwa Bawku

Washegari muka bi ta Gushegu da Nakpanduri. Shinge bayan shinge, a sauka, a nuna kati, a buɗe jaka. Direban ya ji inda na nufa, ya hau yabo.

"Hajiya, da ba komai wurin sai turken iyaka da ciyawa. Baba Issaka ya kafa rumfa yana sayar da shayi ma direbobi masu jiran kwastan. Mai faci ya zo, mai abinci ya zo. Yanzu je ki gani."

"Kana da gida can?"

"Ni? A'a, gidana can garin Garu."

Yabon da ya yi yawa bai taɓa kwanta mini ba. Mun shiga Bawku gab da magariba, na kwana a zango.

Bakin Turke

Babur mai ƙafa uku ya kai ni da hantsi. Raina bai so ba, amma Sulemana bai yi ƙarya ba. Ga layin shaguna, ga buhunan albasa, ga shanu, ga masallacin siminti, harsunan Kusaal da Moore da Hausa suna ta cakuɗuwa. Ɗakin da ya gina wa Mma har da silin.

Da rana ta take na nemi inda zan fake, na rasa. Gari guda ba mangwaro, ba darbejiya, ba ko zogale a bayan gida.

"Yaya, ƙasan ne ba ya karɓan itace," in ji Sulemana, yana kallon takalminsa.

Alhali ga mangwaro can jere a gonakin 'yan ƙasa, jifa ɗaya daga kasuwa. Na ce ya kai ni wurin Baba Issaka. Tsohon yana nan a rumfarsa, kuma bai yi mini kwana-kwana ba.

"Da na zo, na kai goro wurin tindana, mai ƙasan nan. Ya ce ku gina, ku yi ciniki, ku haihu. Amma kada ku dasa itace, kada ku binne mutum. Wanda ya yi ɗaya cikin biyun nan, ya ce ƙasan nashi ne ke nan."

"To Baba, in an yi rasuwa fa?"

"A sa a mota, a kai mutum garinshi. Matana ma Tenkodogo muka kai shi."

Na juya ga Sulemana cike da haushi. Ya ce wai ana kan roƙon tindana, wata rana zai yarda. Ko ruwan gidansa ban ƙara sha ba, na koma Bawku.

Gida

Na biyo ta Bolgatanga da Tamale, kwana biyu ina shirya yadda zan faɗa mata. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Hajiya Memuna da mutanen zangon Bawku da suka ba ni tabarma.

Na zauna gaban Mma na zayyana mata komai: garin aro ne, ba inuwa, ba makabarta. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko Sulemana ya rame. Na ce ya ɗan rame.

"To ɗauko mini akwatina," ta ce. "Yaron nan ba wanda ke ce mishi ci abinci. In ranar ya zo, ke za ki je ki dawo da ni kusa da babanku, tun da yanzu kin san hanya."

Na shiga ɗaki na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ina kuka ina kakkaɓe shi.