Kawu Mai Sikeli da Cikin Duna

Kafin likita ya iso asibitin dabbobi, Kawu Mai Sikeli ya riga ya wanke keji goma sha biyu, ya canja wa kowa ruwa, ya goge ƙaton sikelin ƙarfen nan da ya ba shi suna. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka. Shi ba likita ba ne, bai taɓa rataya abin sauraron ƙirji a wuya ba. Aikinsa a takarda shi ne ya auna dabba, ya rubuta nauyinta, ya riƙe ta a yi mata allura. Amma duk wanda ya taɓa kai kare ko kyanwa wurin ya san shi da wani aikin da ba a rubuta ba, wato tambaya. Me ya ci? A wane kwano? Wa ya ba shi? Kashinsa fa, yaya yake? Wasu har haushi suke ji, su ce sai ka ce alƙali. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma bai kamata ya ajiye tsummansa ba a ba da labarin Duna ba.

Duna baƙin kare ne na wani tsohon direba. Yana da farfaɗiya, shekara huɗu yana shan ƙwaya safe da yamma, kuma matar direban ce ke ba shi. Da Allah ya yi mata rasuwa, aikin ya dawo kan mijinta da autarsu. Ba a yi wata biyu ba cikin Duna ya rikice. Ciki ya yi ta ƙugi kamar tsohuwar mota a kan tudu, ga zawo, ga kuma tusa. To, abin dariya ne idan ba a gidanka yake ba. Duna a ƙofar ɗakin tsohon yake kwana, kuma in ya saki guda, ko bodari sai ya sara masa. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa gajarta zama. Karen ya rame, ya daina tashi in an taɓa ƙofa.

Direba ya zauna ya yi lissafinsa shi kaɗai. A ganinsa maganin ne ya cinye hanjin karen. In ya ci gaba da ba shi, yana kashe shi a hankali. In ya daina, farfaɗiya ta dawo, kuma ya taɓa ganin yadda take buga shi da ƙasa yana kumfa. Sai ya zaɓi na uku. Ranar wata Talata ya sa Auta ta rako shi asibitin, ya ce wa Kawu a sanar da likita, ya zo ne a yi wa Duna allurar da zai huta gaba ɗaya. Yana faɗa yana kallon bango, don Duna ne abu na ƙarshe a gidan da yake jiran matarsa a bakin ƙofa har yanzu.

Kawu bai yi musu ba. Ya ɗora karen kan sikeli, ya ga ya zubar da kilo uku. Ya durƙusa ya latsa cikin, ya ji shi da laushi, ba tauri irin na ganga ba. Ya ɗaga leɓe ya duba dasashi.

"Malam Direba, kun tsallake masa magani ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"Madalla. Kada ku kuskura. Irin wannan ƙwayar ba a yanke ta kwatsam. Kashinsa akwai jini, ko ya yi baƙi kamar kwalta?"

"A'a, Kawu," in ji Auta. "Ruwa ne kawai, sai wari."

Kawu ya shiga ya faɗa wa likita duk abin da ya gani. Likita ya ɗebi jinin Duna don a duba hanta, ya ce a jira sakamako. Kawu ya fito ya ce, "Malam, allurar nan ba ta gudu. Ka ba ni mako biyu. Gobe da safe zan biyo ta gidanka in ga yadda kake ba shi maganin."

Washegari sai ga shi a tsakar gidan da kekensa. Direba ya haɗa shayi mai kauri, madara har cokali uku, ya tsoma gutsuren burodi ya jiƙe sharaf, ya cusa ƙwayar a ciki ya miƙa. Duna ya haɗiye. Sauran shayin ma aka juye masa, wai don ya bi da shi. Auta ta ce ita da yamma a madara zalla take narka masa. Abinci kuwa sau ɗaya ne a wuni, in an gama cin na rana a tattara ragowa, wake ne, miya mai yaji ce, kitse ne, a cika masa roba ya zuƙe kafin ka ƙifta ido.

Kawu ya riƙe haɓa. "Malam, ni ma in aka yi mini wannan hidimar, wallahi sai unguwa ta tashi."

Auta ta tuntsure da dariya, tsohon ma bai san sanda ya murmusa ba.

"Yawancin karnuka in sun girma cikinsu ba ya ɗaukar madara," in ji Kawu. "Ga wake, ga maiƙo, ga haɗiyar iska saboda sauri. Shekara huɗu yana shan ƙwayar nan lafiya lau, don haka ban ga laifinta ba tukuna. Marigayiya a cikin me take ba shi?"

Uba ya dubi 'ya, 'ya ta dubi uba. Ba wanda ya sani. Rashin sani ya fi dare duhu. Can sai Auta ta miƙe ta shiga kicin, ta fito da wata 'yar ƙaramar tukunya mai lanƙwasasshen murfi, duk ta yi ƙura. Ta ce Mama kullum da safe takan dafa 'yar shinkafa da tsokar nama a ciki, ba gishiri ba mai, kuma ba ta bari kowa ya taɓa.

Direba ya karɓi tukunyar ya juya ta a hannu. Shekara huɗu yana tsokanar matarsa a kan tukunyar nan, yana ce mata marowaciya mai dafa nata ita kaɗai, ita kuma sai dai ta yi dariya ta ce, "Ba naka ba ne." Ashe na Duna ne. Ya zauna a kan benci ya yi kuka sosai, Kawu kuma ya ba shi lokaci, ya juya yana sosa wa karen kunne.

Daga nan ya tsara musu abin yi, ya kuma kai wa likita ya amince. A daina madara. A dawo da tukunyar, a sa ƙwayar cikin 'yar tsoka a ba shi tare da abinci. A raba abincin kashi uku, a baza shi a faffaɗan tire don kada ya zuƙe. Sauran abincin da likita ya ce a haɗa masa, a shigo da shi kaɗan-kaɗan cikin mako guda. Da yamma a ɗan zaga da shi a hankali. In kuwa ciki ya kumbura ya yi tauri, ko yana yunƙurin amai ba ya fitowa, ko aka ga jini, kada a jira kowa, a rugo asibiti.

Sakamakon jini ya fito lafiya. A kwana na biyar zawo ya tsaya. A na goma Auta ta kira Kawu a waya, ta ce Duna ya kori mai karanta mitar wuta har bakin titi, kuma Baba ya hana a yi masa faɗa. Tusar ba ta ƙare ƙaf ba, tsufa ai ba ya jin magani, amma yanzu baƙi suna zama har su sha ruwa.

Kawu Mai Sikeli, kai ne wanda aka kawo wa kare a kashe, ka ce a nuna maka kwanonsa. Kai ne ka san iyakarka, ba ka taɓa canja ƙwayar da likita ya rubuta ba, amma ka san abin da takardar likita ba ta gani, ka taka keke ka je ka gano shi. Irin Duna nawa ka mayar gida a shekara talatin da ɗaya, ba wanda ya ƙirga, kai ma ba ka ƙirga ba. Mun gode. Allah ya sa ka huta lafiya, ya ba ka mai tambayar lafiyarka kamar yadda ka tambayi ta bayinsa marasa baki. Masu tasowa a wannan aiki, ga sikelin nan zai bar muku. Ku auna, amma ku yi tambaya kafin ku yanke hukunci.

Jiya direba ya kawo Duna awo na ƙarshe a hannun Kawu. Kilo ukun nan sun dawo cif. Kawu ya rubuta, ya ɗago ya tambaya, kamar kullum, wa ke dafa masa yanzu.

"Ni da kaina," in ji tsohon. "Kuma ba na bari kowa ya taɓa tukunyar."