Ƙamshin Daddawa a Dajin Faga

Jama'a, wallahi tallahi abin da zan ba ku a kaina ya faru, ba ji na yi ba. Lokacin ina aiki a wata gona a Umm Salal, can ƙasar Larabawa, an gama gasar cin kofin duniya ke nan baƙi sun watse, sai aka samu ruwan sama mai kyau. To akwai wani abu da Larabawa ke kira faga, dangin naman kaza ne amma a cikin ƙasa yake yi kamar dankali, in ka ga ƙasa ta ɗan kumbura ta tsage sai ka tona. Baba Salisu, direbanmu, dattijo mutumin Kumasi, shi ya ja ni wata Juma'a da safe muka nausa daji da mota.

Ku riƙe wannan: tun da korona ta kwantar da ni hancina ya mutu, ko fetur aka zuba gabana ba na ji.

Muka ajiye mota muka rabu, kowa da ledarsa, a kan mu haɗu kafin lokacin masallaci. Na dawo da guda shida ina murna, babu Baba. Na kira wayarsa, tana ƙara a cikin mota. Na hau tudu na yi ta ƙwala kira, shiru, fili ne fetal sai duwatsu da 'yan ciyayi. Nan gabana ya faɗi, don na san yana da ciwon sukari, kuma ban ga ya karya ba.

Ina tsaye ban san gabas ko yamma zan yi ba, sai ƙamshi ya buge ni. Miyar kuka, da daddawa da man shanu, kamar yanzu aka sauke tukunya. Ni da na shekara biyu ba na jin komai! Na bi shi, in na kauce ya ragu, in na daidaita ya ƙaru, har na gangara wani kwari da ba a hangowa daga sama. Ga Baba kwance ƙarƙashin magarya, gumi sharkaf, ido a juye. Na tauna dabinon aljihuna na goga masa a dasashi, ina salati, can ya yi ajiyar zuciya. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin ba, zama na yi daɓas ina hamdala.

Da ya dawo hayyacinsa, sai ya waiga ya ce, "Ɗana, ina matar?"

Na ce wace mata, Baba. Ya ce wata tsohuwa ce ta zauna nan tana yi masa fifita, ta ce masa da Hausa kada ya yi barci, ta ɗora tukunya don ta kira yaron, wato ni. Na duba ko'ina, babu murhu, babu toka, sawunmu ne kawai mu biyu.

Fagar nan a wurin muka bar ta. Baba yana Kumasi yanzu cikin jikokinsa, lafiya lau, amma ko a waya ba ma tayar da zancen. Ni dai shawarata, in za ku shiga dajin da ba naku ba, ku karya kumallo, ku yi sallama, kuma kada ku rabu.