Layin da Baba Emma Zai Bi

A wata ƙaramar majami'ar Metodis da ke cikin Gombe, babu wanda ya kai Baba Emma daɗewa. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke share ta, shi ya san bencin da ke cizon zane. Ubansa Ezenwa, kafinta ne Inyamuri da ya biyo aikin layin dogo, kuma yana cikin mutum tara da suka fara sujada a wurin tun ana rumfar zana. Uwarsa Saratu 'yar Waja ce mai sayar da ƙosai.

Emma yana da shekara shida aka yi tashin hankalin 1966. Ezenwa ya gudu kudu tare da sauran, ya ce zai aiko. Bai aiko ba. Cocin ta watse, sai Saratu ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Shekara huɗu tana zuwa kowace Lahadi, ta share, ta kori awaki, ta yi addu'a ita da ɗanta, ta kulle. Da mutane suka dawo, sun sami ko ƙusa ba ta ɓata ba.

Yau cocin ta cika da Ibo, Yarbawa, Tangale, Waja, Tibi da Idoma, har daga Tumfure ake zuwa a Keke Napep. Da za a yi bikin cika shekara sittin, kwamiti ya tsara cewa kowace ƙabila za ta shigo a layinta, da ankonta da waƙarta, ta taka rawa har gaban bagade, teburin sujada. A can shugabanta zai ambaci iyayensu da suka gina cocin. Baba Emma ba ya son komai sai ya shiga layi, a faɗi sunan Saratu.

Ya fara zuwa shagon Odinaka a Arawa, shugaban Ibo, mai sayar da kayan gyaran mota.

“Baba Emma, wane gari ne naku a gida?” in ji Odinaka, yana goge hannu da tsumma.

“Ban sani ba. Baba bai faɗa ba.”

“To ka gani. Mu gari-gari muke jeruwa. Ko gaisuwa ba ka iya da Ibo ba, waƙar fa? Baki za ka riƙa motsawa kamar kifi? Je wurin mutanen mamarka.”

Ya tafi Manawashi wurin Danny, shugaban Waja, wanda Baba Emma ya riƙe ranar da aka yi masa baftisma.

“Kawu, ai ka sani, ɗa na uba ne,” Danny ya ce, idonsa a waya. “In muka sa ka, Ibo su ce mun sace musu mutum.”

“To ku faɗi sunanta kawai. Taku ce.”

“Ta auri bare, Kawu. Dattawa sun riga sun rufe jerin sunaye.”

Baba Emma ya gode masa. Halinsa ke nan, ko an taka shi, shi ke cewa sannu.

Ranar biki Mama Nneamaka, shugabar kwamiti, ta ba shi aikin nuna wa motoci wurin tsayawa. Daga waje ya ji lasifika tana karanta tarihi. Da aka zo shekarun yaƙi, mai karatu ya ce, “Kowa ya watse, Allah kaɗai ya tsare gidansa.” Aka yi tafi. Layi ya bi layi, ganguna suna canza kiɗa, sunaye suna tashi.

Can mai gabatarwa, wani saurayi Jesse, ya tambaya don cika al'ada, “Akwai ƙabilar da ba a kira ba?”

Baba Emma ya ajiye sandarsa ya shiga. Ya tsaya a bakin ƙofa da tsohon kaftaninsa, ya ɗaga hannu.

“A'a, Baba Emma!” Jesse ya ce cikin makirfo. “Ƙabilar masu tsintsiya ce ta iso?”

Dariya ta cika ɗakin, har mata suna share hawaye da bakin gyale. Ya fara takawa shi kaɗai. Makaɗa suka dubi juna, ba su san kiɗan da za su yi masa ba, sai suka bari. Ana jin ƙarar silifas ɗinsa a siminti. Ya kai tsakiya, ya buɗe baki ya ce, “Saratu,” amma muryarsa ba ta wuce benci biyu ba. Mama Nneamaka ta yi wa 'yan kwaya alama, suka ɗauki waƙar rufewa, jama'a ta miƙe tsaye ta rufe shi. Wani ɗan agaji ya kama gwiwar hannunsa a hankali.

“Baba, an tare motar baƙo a waje.”

Ya fita ya gyara motocin.

Bayan sati biyu aka kawo hotunan bikin cikin gilashi, kowace ƙabila da nata, sunayen iyayenta a rubuce a ƙasa. Mama Nneamaka ta aika a kira shi ya kafa su a bango. Ya hau tsani, ƙusoshi a bakinsa, ita tana ƙasa tana cewa, “Ɗaga kaɗan. Na Waja ya karkace, Baba, ba ka gani ne?”

Ya daidaita shi.