Kwalba Biyu a Bayan Ƙofa

Sabulu nake yi. Shekarar da muka baro Kagoma muka dawo Kafanchan, matan zumuntar coci suka koya mini: soda, manja, ruwa, sandar juyi. Soda ta cinye mini farce biyu. Ban damu ba.

Uwar mijina tare muke zaune. Idonta ya yi rauni, amma ba ta yarda kowa ya yi mata miyar karkashi. Ita ke ƙona karan acca, ta tace tokar a gwangwani mai huji, ta ɗura ruwan a kwalba. Kafin ta zuba a tukunya sai ta kurɓa ta ji ƙarfinsa. Haka ake yi a gidansu.

Wata Asabar na jiƙa soda, ta yi saura, na juye a kwalbar lemo na ajiye bayan ƙofar kicin. A nan tsohuwa ke ajiye tata. Na sani. Sauri nake yi.

Ta leƙo ta ce, "Ke, matar ɗana, kin taɓa mini toka?"

"Mama, wa zai taɓa abin nan naki mai wari?"

"Mai warin ne ya raini mijinki."

Ina wanke-wanke na ji kwalba ta faɗi. Tawa ce ta kurɓa.

A asibiti likita ya ce maƙogwaron ya ƙone har ciki, in ya warke zai tsuke. Ko abinci zai sake wucewa, bai sani ba.

'Yata mai karatu a kwalejin Gidan Waya ta zo jinya da littafinta. Tana karanta mana cewa akwai wata ƙwayar halitta, ido ba ya ganinta, tana rayuwa cikin ruwan kanwa mai tsananin ƙarfi, ta ci ta hayayyafa a ciki. Na ce ta rufe littafin. Tsohuwa ta ɗaga hannu, a bar ta. Da ɗan sauran muryarta ta ce, "Wannan ba ta da maƙogwaro."

Mijina ya tambaye ta yadda aka yi. Ta nuna idonta. Ba ta dube ni ba. Ni ma ban faɗa masa inda na ajiye sodar ba.

Muka koma gida. Kunu nake tacewa sau biyu, in riƙa ba ta cokali-cokali. Da fari goma na wucewa, daga baya uku. Wata huɗu muna haka. Ranar da ruwa ma ya dawo ta hanci, ta ture cokalin ta juya wajen bango. Ban matsa mata ba.

Ran Talata muka kai gawarta ƙauye.