Kaskon Man da Na Zaɓa da Kaina

A shekarata ta huɗu da fara aikin ofis na sayi motar. Baƙa ce, gajeriya kamar ta durƙusa, injinta mai turbo, wato na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi. Wanda ya sayar mini ya ce a can ƙasar da ta fito, tsere ake yi da irinta. Idan na taka ta a titin Bukuru, akwai wani fito da take yi kafin ta figa, kuma in faɗi gaskiya, saboda wannan fiton na saye ta.

Yayana makanike ne. Ya girme ni da shekara goma sha shida, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ya riƙe gidanmu na Anguwan Rogo. Shi ya tsaya na yi karatu har na gama jami'a, shi kuwa daga firamare ya wuce gareji. Rumfarsa tana Farin Gada, kuma direbobin haya har layi suke yi masa, domin yakan ɗora kunne a kan inji ya gaya maka abin da ke damunsa kafin a kwance ƙusa ɗaya. Auta yake kirana har yau, duk da furfurar da ta fara fito mini.

Wata biyu da sayen motar na fara ganin ɗigon baƙin mai a inda nake ajiye ta. Yaya ya shiga ƙarƙashinta ya duba, ya fito yana goge hannu.

"Kaskon ne," in ji shi. "An taɓa buga shi aka yi masa faci. Sai an canja."

Kaskon da yake nufi shi ne wannan kwanon da ke manne a ƙasan inji, inda mai yake taruwa kafin famfo ya tsotse shi ya watsa wa sauran sassa. Ya ce zai nemo mini na ƙarfe, daidai zurfin na asali, ya yi masa waldar shinge biyu a ciki, don kada mai ya gudu gefe guda idan na sha kwana da gudu, famfo ya tsotsi iska. Na ce to, amma a zuciyata ban yarda ba.

Sati biyu na yi ina kallon bidiyo a waya. Turawa masu motocin tsere duk kaskon alminiyom suke sawa, mai zurfi, mai layi-layi a jiki don ya sha iska ya huce. Ya fi na ƙarfe ɗaukar mai, kuma inji mai turbo yana da zafi. Na haddace bayanan nan kaf. Ban gaya wa kowa ba na yi oda daga Legas.

Ranar da ya iso, wata Asabar ce, na ɗauki abokan aikina biyu muka tafi Farin Gada. So nake su ga abin, su kuma ji yadda na san mota. Yaya yana zaune a kan benci da wasu direbobi uku suna cin gyaɗa. Na buɗe kwalin a gabansu, kaskon ya yi ta ƙyalli.

Ya karɓa ya jujjuya shi. Ya leƙa ciki. Ya tashi ya je gindin motata ya tsugunna, ya auna tsakanin ƙasa da tsohon kaskon da tafin hannunsa, sannan ya dawo ya auna sabon.

"Yana da kyau," ya ce. "Amma ba na Jos ba ne."

"Kamar yaya ba na Jos ba?"

"Ya fi naka zurfi da yatsu uku. Motar dama a ƙasa take. Ƙarfe in ya bugi dutse lanƙwashewa yake yi, ka lallaɓa ka kai gida. Wannan kuwa tsagewa zai yi kamar tukunya. Sannan dubi ramin nan da mai ke dawowa daga turbo, an yi shi ƙasa da yawa. In kasko ya cika, man ba zai sami hanyar sauka ba. Ka mayar musu da abinsu, Auta."

Ɗaya daga cikin abokaina ya yi ɗan murmushi. Wannan murmushin ne ya hau mini kai. Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Yaya, wannan fa ba irin akwalar motocin haya ba ce da ka saba kwancewa. Injiniyoyi ne suka ƙera abin nan, masu ilimi, ba da tafin hannu suka auna ba."

Direbobin suka daina tauna. Ɗayansu, wani dattijo mai jar hula, ya dube ni, ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi maganar. Yaya ya jawo kwalin gabansa. Ya mayar da kaskon cikin kwali, ya gyara takardun da aka naɗe shi da su, ya rufe, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Allah ya sa albarka," ya ce.

A Tudun Wada na sami wanda ya ɗaura mini. Oga kawai yake ce mini, bai musa mini komai ba. Na yi sati shida ina yawo da motar, ina bin kwalta, ina hawa tudun rage gudu a karkace. Wani lokaci nakan ga ɗan shuɗin hayaƙi ta madubi, in kawar da kai. Ina haɗuwa da Yaya a ɗakin Hajiya, mahaifiyarmu, mu gaisa lafiya lau. Bai sake tambayar motar ba.

Sai bikin babbar 'yarsa ya zo. Yarinyar a hannuna ta girma, ni na riƙa kai ta makarantar Islamiyya a kan keke. Da kanta ta zo ta same ni ta ce, "Baffa, a motarka nake so a kai ni." Na ji daɗi ƙwarai. Na kai motar aka wanke, ƙawayenta suka ɗaura mata kintinkiri.

Gidan angon yana Dutse Uku, can ciki, inda kwalta ta ƙare. Ƙarshen damina ne, ruwa ya wanke ƙasar hanyar ya bar duwatsu tsirara. Bayan la'asar muka taso, motata a gaba, motoci biyar a baya. Amarya tana kujerar baya lulluɓe, tsakanin gwaggonta da babbar ƙawarta. Da muka zo hawan, na ga wani dutse ya ɗan turo kai a tsakiyar hanya. Kowace mota tana wuce shi kullum. Da na tsaya na sauke mutane, ko na kauce ta gefe a hankali, da ƙila an wuce lafiya. Amma mutanen unguwa sun fito suna kallo, sai na ba ta wuta don su ji fiton nan.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an saki faranti a kan siminti.

"Lafiya?" in ji gwaggo.

"Lafiya lau," na ce.

Jar fitilar mai ta kama a gabana. Na gan ta sarai, na kuma san ma'anarta. Abin da ya kamata shi ne in kashe inji nan take. Sai na ce a raina saura kwanar hanya biyu kacal mu isa, in na sauke amarya sai in san dabarar da zan yi ba tare da Yaya ya sani ba. Na ci gaba. Motocin baya suna ta yi mini hon, na ɗauka na murna ne, ashe layin baƙin mai suke gani yana bin mu. Ba mu kai kwana ta biyu ba injin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana dukan tasa da guduma, motar ta yi tari ta mutu a tsakiyar siririyar hanya, ta tare kowa.

Yaya yana motar ƙarshe da sauran dattawa. Na hango shi yana tahowa a ƙafa cikin farar shaddar da aka ɗinka masa don ranar. Bai dube ni ba. Ya cire babbar rigar ya miƙa wa wani, ya kwanta a ƙasa da 'yar ciki da wando, ya tura kansa ƙarƙashin motar. Da ya fito, kafaɗarsa ta dama duk ta yi baƙi.

"Kun yi nisa bayan fitila ta kama?" ya tambaye ni a hankali.

Na sunkuyar da kaina ƙasa. Ya gyaɗa kai.

Babu motar da za ta iya raɓawa ta wuce mu. Dangin ango suna jira, magariba na matsowa. A ƙarshe Keke Napep aka tsayar daga can sama, aka fito da amarya tana riƙe da bakin leshinta don kada ya taɓa mai, aka sa ta a ciki. Ni da Yaya da samarin unguwa muka tura motar gefe. Uban amarya ya shiga gidan surukansa da 'yar cikin aro a ƙarƙashin babbar rigarsa.

Injin ya buga, turbon ma ya tafi. Washegari Yaya ya sa aka jawo motar zuwa rumfarsa ba tare da na roƙe shi ba. Wata guda ya yi a kanta, a tsakanin ayyukan mutane. Kullum in na tashi daga ofis sai in je in zauna a bencin nan, ina neman bakin da zan ba shi haƙuri. Direbobin suna gaishe ni da ladabi fiye da da, kuma hakan ya fi zagi ciwo.

Ranar da ya tayar da injin na daure na ce, "Yaya, maganar da na yi maka ranar nan, don Allah ka yafe mini."

Yana ɗaure wata ƙusa bai ɗago ba. "Ni ba komai. Na yafe tun ranar. Amma ka je gidan yarinyar nan? Wata guda ke nan tana tambayar ko fushi kake da ita."

Tun ranar bikin ban je ba. Kunya ta hana ni bin hanyar Dutse Uku gaba ɗaya. Da yammacin ranar na tafi, na bar motar a bakin kwalta na ƙarasa a ƙafa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo mini ruwa da dambun nama da ragowar cincin ɗin biki da ta ɓoye mini. Na fara ba ta haƙuri, ta rufe baki tana dariya.

"Baffa, ai ka yi mini suna. Duk gidan nan Amaryar Keke suke kirana, har surukata."

Yanzu 'ya'yanta biyu, kuma har yau da sunan nan ake kiranta. Ita amsawa take yi da fara'arta. Ni kuwa duk taron dangin da aka kira ta da shi a gabana, sai in sami abin dubawa a wayata har maganar ta wuce.