Gwajin Jinin Laraba Mai Man Shanu

A Kajiji aka haifi Laraba, a can ta yi aure, a can kuma ta shekara talatin tana kaɗa nono tana fitar da man shanu. Ranar kasuwar Shagari za ka same ta ƙarƙashin itacen bedi, ƙorai jere a gabanta, idonta can wani wuri. Mace ce mai yawan tafiya cikin tunani. Sai mai saye ya yi sallama sau biyu kafin ta dawo daga inda ta tafi, ta yi murmushi, ta lakato man da ɗan yatsa ta ɗanɗana a gabansa.

Wani hantsi, kwana uku bayan Babbar Salla, ciwo ya soke ta a saman ciki ya ɓulle ta baya. Ta yi amai har ta gaji. Kwanciya ta gagara, sai dai ta zauna ta duƙa, ta rungume gwiwoyinta. Ɗanta Zayyanu, manomin albasa, ya ɗauke ta a babur zuwa bakin titi, daga nan mota ta kai su asibiti a Boɗinga.

Likita ya danna cikin, ya ce ba zai kira shi gyambon ciki ba sai an duba jini. Wata ma'aikaciya mai suna Kausar ta ɗaure mata hannu ta ɗiba. Bayan sa'a guda ta dawo da 'yar kwalbar, don Laraba ta roƙi a nuna mata. Jan ya kwanta a ƙasa, sama kuwa fari tas kamar madarar safe.

"Inna, maiƙo ne ya yi yawa cikin jininki," in ji Kausar.

Laraba ta daɗe tana kallo. "Ɗiyata, ashe wanga shi na farin jinin da mutane ka nema?"

Dariya ta kama Kausar, Zayyanu kuwa ya juya baya yana share ido.

Likita ya yi musu bayani. Akwai wata tsoka bayan tumbi, fankiriyas, mai fitar da ruwan narkar da abinci. Ita ce ta kumbura saboda yawan maiƙon, ruwan ya malala cikin jini har ya ninka yadda aka saba fiye da sau uku. Wannan ya nuna ciwon, amma bai nuna tsananinsa ba. Sai an riƙa duba ƙoda da kaurin jini na kwana biyu. In sun lalace, Sakkwato za a wuce da ita.

Kwana biyun nan Laraba ba ta san iyakarsu ba. An rataya mata ruwa, tana bin ɗigonsa da ido har gadon ya zama kwalekwale. Ta ga fadamar Kajiji cike da ruwa, shanun babanta na ratsawa ba tare da sun jiƙe ba. Ta ga mahaifiyarta, wadda ta rasu tuntuni, tana wanke ƙwarya a gaɓa, ba ta ko ɗago kai ba. Can sai ta ji sanyin auduga a hannu, ta buɗe ido, Kausar ce ta zo ɗibar wani jinin.

A rana ta uku likita ya shigo da takarda. "Mama, ƙodarki lafiya lau. Ba inda za ki."

Aka ba ta koko cokali huɗu. Ta ce tun da take ba ta taɓa sanin gero na da ƙamshi haka ba.

Ta koma gida bayan mako guda, da magani da dokar barin maiƙo. Sana'ar ta bar wa surukarta A'isha. Yanzu zogale take shukawa a bayan gida, ta dafa ta kwaɗa da ɗan ƙuli kaɗan, matan unguwa na aikowa a saya tun kafin azahar.