Kifin da Isiyaku Yake Kamawa

Bana shekara bakwai ke nan da Allah ya karɓi ran abokina Isiyaku, mutumin Yawuri, wanda muka zauna gida ɗaya da shi a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur lokacin muna karatu. Shi ya riga mu tafiya, ni kuwa koyarwa ta riƙe ni a Kuala Lumpur har yau. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gasar kamun kifin da ya kafa mana, wadda bana saura kaɗan ta bi shi.

Isiyaku a bakin kogi ya tashi, kuma kewar ruwa ta fi damunsa a kan kewar tuwo. Shi ya gano wani tafki a bayan gari, ya riƙa jan mu can duk bayan babbar salla, Musulminmu da Kiristanmu, kowa da ƙugiyar aro. Doka ɗaya ya kafa: wanda ya kama kifi mafi girma shi ne gwani, amma ba zai tafi da shi gida ba. Za a miƙa shi ga matar Isiyaku, Maman Hafsa, ta yi farfesu, kowa ya sha. Ɗalibin da ya daɗe bai ji Hausa ba sai a waya, ranar nan zai ji ta har ta ishe shi.

Abin dariya, mai gasar bai taɓa cin ta ba. Mu manyan kifi muke hari, wani ya wuni bai kama komai ba. Shi kuwa ya tsuguna gefe yana ta jawo matsakaita. Bulus, abokinmu mutumin Jos, ba ya gajiya da tsokanarsa: "Sarkin ruwa, yau ma 'yan firamare ka kwaso?" Sai ya ce, da "lah" ɗin nan na mutanen ƙasar da ya kama bakinsa, "Bari lah, Bulus, kai da ko kwaɗo bai kula ka ba."

Tun bayan rasuwarsa matanmu ke dafawa, sai dai farfesun bai ƙara isar taron ba, ba mu kuma san dalili ba. To bana masu tafkin suka zo da sabuwar doka. Ƙaramin kifi a mayar da shi ya girma, babba ma a mayar da shi, domin shi ke zuba ƙwai. Na tsakiya kaɗai aka yarda a ɗauka. Muka zauna a wani shagon shayi na mamak, wato Indiyawa Musulmi, a unguwar Cheras, rai ba daɗi. Wani ɗan'uwanmu da ya koma Amurka ya aiko cewa can ma haka ake yi da wani kifi mai zane a jiki: a ɗora shi kan allon awo, a ɗauki hoto, a sake shi. Bulus ya ce, "Hoton za mu dafa? In kifin gwani ba zai shiga tukunya ba, a rufe abin kawai." Ni ma zuciyata can ta karkata. Na yi ta tunanin ko Isiyaku zai yarda a naɗa gwani a kan kifin da ba wanda ya ɗanɗana.

Da na rasa amsa, sai na kira Maman Hafsa, wadda ta koma gida tun bayan rasuwar, don in ba ta haƙuri kafin mu rufe. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Haba Malam, kifi ɗaya ne zai ciyar da wannan taron? Kan kifin gwani kawai nake ɗora muku a sama ku gani ku ji daɗi. Abin da ke ƙasa duk na marigayi ne. Shi ya hana ni faɗa."

Ina ajiye wayar na kira su Bulus na kwashe labarin na faɗa musu.

Mun yi gasar. Na rubuta sunan Isiyaku da ajami a goshin allon awon. Cikin ikon Allah Bulus ne ya ci, karonsa na farko. Ya jiƙa hannuwansa, ya tallafi kifin, aka ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa a hankali. Sauranmu muka tsuguna gefe muka cika tukunya da matsakaita, matanmu suka dafa yadda Maman Hafsa ta kwatanta musu.

Isiyaku bai bar wa kowa gadon gida ba, bai ma ƙarasa digirin da ya kawo shi ba. Abin da ya bari shi ne taron da ke ƙoshi ba tare da ya san wa ya ciyar da shi ba. Da aka miƙa wa Bulus kwanonsa, ya dubi farfesun, sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Sarkin ruwa, ashe 'yan firamarenka muke ci."

Allah ya jiƙan Isiyaku, ya shayar da shi daga tafkin da ba ya ƙafewa.